Yadda Ake Buga Cacar Dawaki a Tawa, Daga Juma'a Zuwa Litinin

Dawakan da ake zuba wa kuɗi a garin Tawa ba su taɓa taka ƙasar Ader ba. A Faransa suke gudu, a filayen tsere irin su Vincennes, Longchamp, Auteuil da Chantilly, mai caca kuwa yana zaune a gindin bedi da takarda da biro. Kamfanin caca na gwamnati, LONANI, shi ke karɓar kuɗin a Nijar, wasan kuma PMU kowa ke ce masa. A 1954 wani Bafaranshe, André Carrus, ya ƙirƙiro tiyarse, wato a faɗi dawaki 3 na farko. Karte mai dawaki 4 ya biyo baya a 1976, kente mai dawaki 5 ya zo a 1989. Aderawa masu zuwa cin rani Abijan sukan tarar da wasan nan a can ma, shi ya sa har a Tebaram za ka samu wanda ya san sunan mahayin Faransa. Ga yadda ƙarshen makon ɗan PMU ke tafiya.

Mataki na farko: samun takardar tsere

Tun Juma'a da yamma ake neman takardar tseren Asabar a rumfar masu sayar da tikiti, ko a karɓi hotonta ta WhatsApp. Abin da gwani ke fara dubawa shi ne irin tseren, domin iri uku ne manya. Akwai na sukuwa a fili shimfiɗaɗɗe, akwai na tsallake shinge wanda Auteuil ya yi suna a kai, akwai kuma na sassarfa, inda galibi doki ke jan ɗan keke mai ƙafa biyu, direba na zaune a baya. A tseren sassarfa, dokin da ya ɓarke da sukuwa alƙalai na iya fitar da shi, ko da shi ne a gaba. Lokacin sanyi Vincennes ke tashe da sassarfa, a nan ake yin Prix d'Amérique mai nisan mita 2,700 a Lahadin ƙarshe ta Janairu. Babban tseren sukuwa, Prix de l'Arc de Triomphe, mita 2,400 ne a Longchamp, Lahadin farko ta Oktoba.

Mataki na biyu: karanta tarihin doki

A gaban sunan kowane doki akwai jerin lambobi da haruffa, kamar haka: 2a 1a Da 5a 0a. Daga hagu ake karantawa, na farkon shi ne tseren da ya yi kwanan nan. Lamba tana nuna matsayin da ya zo, sifiri na nufin bai shiga cikin tara na farko ba. Harafin a na tseren keke ne, m na sassarfa da mahayi a bisa, p na sukuwa, h da s na tsallake. Babban D na nufin an fitar da shi, T kuma ya faɗi. Dokin misalin nan yana da gudu, amma ya taɓa ɓata rawarsa da tsalle. Irinsa ke sa mutum ya daɗe yana cizon biro: in ka bar shi ya zo, in ka sa shi alƙalai su cire shi.

Mataki na uku: tacewa

Daga dawaki 16 ko 18 ake son a rage zuwa biyar ko shida. A tseren sukuwa da ake daidaita ƙarfi, dokin da ya fi ƙwazo shi ake ɗora wa nauyi mafi yawa, shi ya sa lamba 1 ke ɗauke da kilo fiye da na ƙasan takarda. A sassarfa kuma, wanda ya tara kuɗin nasara da yawa akan ja shi baya da mita 25. Sai a duba nisa, don wani dokin gajeren zango ne, in tafiya ta yi tsawo sai ya saki. Sai yanayin ƙasa: in an kwana ana ruwa a Paris fili ya yi taɓo, akwai dawakan da nan ne kasuwarsu ke buɗewa. Ana kuma duba ko an cire wa dokin sassarfa takalman ƙarfe na kofato, domin alama ce mai horar da shi ya zo neman nasara, ba motsa jini ba. A ƙarshe a duba wa ke riƙe da linzami. Sunaye irin su Jean-Michel Bazire, Éric Raffin da Christophe Soumillon kan ja hankalin masu caca ko dokin bai kai ba.

Mataki na huɗu: shawarar fada

Da dare ake baje takardu a fada, shayi na kan gawayi. Wani ya kawo hasashen jaridun Faransa daga waya, wani ya ce ya yi mafarkin lamba 7, wani ya ce yana da mutum a Abijan da ba ya kuskure. Tsofaffin hannu su tuno Ourasi, dokin da ya ci Prix d'Amérique sau 4, a 1986, 1987, 1988 da 1990. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a kafa doki ɗaya ko biyu da aka amince da su, a ƙara biyu masu matsakaicin fata, a liƙa ɗaya wanda kowa ya raina. Dalili kuwa, in dawakan da duniya ta zaɓa ne suka zo, abin da za a raba bai taka kara ya karya ba.

Mataki na biyar: lissafin tikiti

Nan ne aljihu ke magana. A ce haɗi guda dala 40 ne. Wanda ya zaɓi dawaki 3 kacal a tiyarse dala 40 zai biya. In ya faɗaɗa zuwa dawaki 5, haɗi 10 ke nan, jika 2. In ya kai 6, haɗi 20, jika 4. Doki ɗaya aka ƙara, kuɗi ya ninka. Ga kuma faɗin dajin da ake farauta a ciki: a tseren dawaki 16, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 3,360 ne, na biyar na farko kuwa 524,160. Nazari na rage wannan daji, amma ba ya share shi.

Mataki na shida: bugawa

Safiyar Asabar ake sake tambaya ko an janye wani doki, sannan a je rumfa kafin a rufe. Ana duba tikiti tun a gaban mai sayarwa, a tabbatar lambobin da aka faɗa su ne a kai, a adana shi, don babu tikiti babu biya. Wanda ke nesa da rumfa, can wajen Tebaram, yakan kira ɗan'uwansa a birni: "Ƙanena, ɗauki biro. Bakwai, uku, sha biyu, biyar, tara. Maimaita mini." Shi kuma ya ce, "To Yaya, amma kuɗin jiya ba su iso ba." Rigima da yawa daga nan take tasowa, in lamba ta ci aka tarar ba a buga ba. A lura da agogo kuma: lokacin sanyin Turai agogonmu ɗaya ne da na Faransa, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun riga mu da awa guda.

Mataki na bakwai: sakamako da rabo

Tseren kansa 'yan mintoci ne. Bayan an iso ma sai a dakata, don alƙalai na iya binciken wani doki su sauya jeri. Wanda lambobinsa suka zo a jere yadda ya rubuta shi ke da babban rabo, wanda suka zo a hargitse ya samu ƙarami. Kuɗin kuwa ba daga taskar kamfani suke fitowa ba. Tsarin da Joseph Oller ya ƙirƙiro a Paris tun ƙarni na 19 shi ne a tara kuɗin masu caca wuri guda, kamfani da gwamnati su cire kasonsu, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. Ya yi kama da adashe, sai dai a adashe kowa na da ranar kwasarsa kuma ba a yanke komai, a nan kuwa kullum abin da ke fita bai kai abin da ya shiga ba. Wanda ya ci, kuɗin maƙwabcinsa ya ci.

Mataki na takwas: Lahadi da lissafin Litinin

A ɗauki misali. Ranar Asabar mutum ya zuba jika 4. Dawakansa biyu suka zo, na ukun ya yi sukuwa dab da layi aka fitar da shi. "Saura ƙiris" ita ce kalmar da ta fi cin kuɗi a wannan harka, domin ita ke tashinsa ran Lahadi, ranar babbar kasuwar Tawa, ya sayar da tiyar gero ko ya taɓa kuɗin cefane, ya zuba jika 6 don ya rama. Wannan karon lambobinsa suka zo a hargitse, amma dawakan da kowa ya zaɓa ne, aka ba shi jika 3. A fada za a ji yana cewa "jiya na ci," a taya shi murna, ya sayi sukari da ganyen shayi. A takarda kuwa ya fitar da jika 10, ya karɓi 3.

Hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, ayoyin Suratul Baƙara da Ma'ida sun yi magana a kanta, kuma masu bugawa sun sani, shi ya sa da yawansu ke naɗe tikiti su cusa cikin hula in sun hango liman. Amma ko wanda wa'azi bai ratsa shi ba, akwai gwajin da zai iya yi wa kansa. Ya sayi ɗan littafi, ya ja layi a tsakiyar shafi, ya riƙa rubuta abin da ya zuba a hagu, abin da ya karɓa a dama, har da kuɗin kabu-kabu da na katin waya, ba tare da tsallake rana ba. Bayan wata uku ya haɗa jimilla, ya auna ta da farashin buhun gero a kasuwa, sannan ya yanke shawarar ko zai nemi takardar Asabar mai zuwa.