Addu'ar da za ka yi wa wanda ya kwance maka awaki

Ɗana, an ce tun da aka kwance maka awaki a turke ba ka da addu'a sai Allah ya tsine. Ban ga laifinka ba. Duk mai zama tsakanin Gidan Rumji da bakin iyaka ya san yadda satar dabbobi ta hana mu barci. Amma zauna ka ji wata magana ta malaman Yahudawa.

A littafinsu Talmud akwai labarin Rabbi Meir, malamin ƙarni na 2 miladiyya. 'Yan iskan unguwa suka addabe shi har ya fara roƙon Allah ya kashe su. Matarsa Beruriya, ita ma masaniya ce, ta tare shi: ai laifin ake so ya ƙare, to ka roƙa musu tuba. Ya bi ta tata, suka kuwa tuba.

Kada ka zaci cewa suka yi a bar ɓarawo da kaya. Wani malaminsu, Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa ko Yom Kippur, babbar ranarsu ta azumi da neman gafara, ba ta wanke haƙƙin mutum sai an mayar masa da abinsa, an kuma ba shi haƙuri. Sai dai in mai laifi ya zo da 'yan rakiya har sau 3 yana roƙo ka ƙi, to nauyin ya koma wuyanka. Nan ne muke faɗuwa, mu da muke riƙe magana har jikoki su gada. Mun ga inda fushi ya kai mu a Toda a 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100.

Ga misali daga gona. Manoman Ɗan Saga, can wajen Agye, sun daina tumɓuke kututture in ya yi toho. Sukan rage rassan, su bar masu ƙarfi su tashi. Yaron da ya sace maka awaki ma haka yake.

Kai ƙararka wurin mai gari, ka karɓi kuɗin awakinka cif. In yaron ya fito daga kaso ya shigo masallaci, matsa masa a sahu. In damina ta faɗi kana neman 'yan ƙwadago, kira shi, ka biya shi kamar kowa.