Lissafi: Nawa Za A Zuba A Adashi?

Malali unguwa ce a Kaduna, arewa da kogi. A can ma mata suna yin adashi, kamar a ƙauyenku. Kowace mace ta kawo zubi daidai da na 'yar'uwarta. Ran kwasa a ba mace ɗaya duka.

A ce mata huɗu za su fara. Mai ƙosai tana iya zuba naira 500 a mako. Mai fura tana iya 700. Mai ɗinki 1,000. Mai awo 1,200. To, nawa uwar adashi za ta yanka?

In ta ce 700, mai ƙosai za ta kasa. Adashi ya watse, zumunci ya ɓaci. Kada zubi ya fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu. Naira 100 ba ta fi ba. Haka 300, haka 500. Duk lambar da ba ta fi ko ɗaya daga cikin lambobin nan huɗu ba, sunanta iyaka daga ƙasa.

Amma ku lura. In an zuba 100, kwasa 400 ce kaɗai. In an zuba 500, kwasa 2,000 ce. In aka ƙara ko naira ɗaya a kan 500, an bar mai ƙosai a baya. Ashe 500 ita ce babbar iyaka daga ƙasa. Ita ya kamata a yanka.

Wani lokaci babbar iyakar ba ta cikin lambobin da ake dubawa. Ku ɗauki rake, ku raba biyu. Ga rabi. Ku raba rabin, ga kwata. Ku sake, ga ɗaya bisa takwas. Wuƙa za ta gaza, amma a lissafi rabon ba ya ƙarewa. Babu guntun da zai zama sifiri. Kuma kowane tsawo aka faɗa, kome ƙanƙantarsa, za a sami guntun da bai kai shi ba. Saboda haka a nan sifiri ne babbar iyaka daga ƙasa. Wani malamin lissafi na birnin Prag, Bernard Bolzano, ya yi rubutu a kan irin wannan iyaka a shekarar 1817.

Tambayoyi

1. Mata uku suna iya zuba 600, 900 da 800. Nawa za a yanka?
2. Nawa ce kwasarsu?
3. Don me 700 ba za ta yi ba?