Kafin Yaro Ya Sa Baƙar Riga: Shawarwari Ga Gidajen Gwandu Da Kalgo

Akwai wani zama da ke cin yaro a hankali, gida bai ankara ba: zaman jiran gurbin karatu. Ya gama sakandare, ya zana JAMB, ya cike fannin shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, suna bai fito ba. Ko ya fito, yajin aikin malaman jami'a ya tare hanya, irin na 2022 da ya lashe wata takwas cur. Wani kuma ya kammala shekara biyar na digiri, yana jiran a kira shi Makarantar Horas da Lauyoyi, domin kowace jami'a da adadin da aka yanka mata. Duk tsawon wannan lokaci yaro na gida, daga dakalin ƙofar gida sai shagon cajin waya.

Ni ina ganin ofishin lauya ya fi masa. Mu nan ba baƙin shari'a ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, shi ya rubuta Diya'ul Hukkam don shiryar da masu mulki da alƙalai. Kalgo kuma ta haifi Mai Shari'a Umaru Atu Kalgo, wanda ya zauna a Kotun Ƙoli daga 1998 zuwa 2007. Abin da ke wahalar da gidajenmu shi ne matakin farko: ta wace ƙofa yaron da bai san kowa ba zai shiga?

1. Ku fara da maganar masauki. Lauya yana bin kotu ne, kuma manyan kotunan suna Birnin Kebbi: Babbar Kotun Jiha, Babbar Kotun Tarayya, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Can ofisoshin lauyoyi suka taru. Ɗan Kalgo ya yi sa'a, yana iya sammako ya shiga mota a bakin titin Jega, ya dawo gida kafin isha'i. Ɗan Gwandu ko Dalijan ko Kambaza kuwa kuɗin mota zai cinye shi idan ya ce kullum zai yi jeka-ka-dawo. A nemo kawu ko gwaggo a Birnin Kebbi tun kafin a fara neman aikin, a kuma riƙa aika musu da ɗan buhun shinkafa ko gero. Riƙon ɗan wani nauyi ne.

2. Ya zauna a kotu mako biyu kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, ba a biyan ko sisi, sai dai idan alƙali ya ce a keɓe. Ya fara da kotun shari'a ta garinku, ya sa kaya masu tsabta, ya kashe waya, ya zauna a bencin baya da littafi da biro. Zai ji rikicin iyakar gona, da rabon gado, da khul'i, da bashin da aka ci ba shaida. Daga nan ya leƙa kotun majistare ya ga yadda ake karanta tuhuma da neman beli. Gani ya kori ji. Wasu yaran a nan suke gane cewa rigar suke so, ba aikin ba, kuma gara su gane yanzu da bayan uba ya sayar da shanu.

3. Ya je da abin da lauya zai mora. Babu lauyan da ke neman ɗan sakandare don ya ba shi ra'ayi kan shari'a. Hannu yake nema da ƙafa. Na raka ɗan ƙanwata wani ofishi, muna shiga ya durƙusa ya gaida mai ofishin, ya miƙa sakamakonsa na WAEC da hannu biyu. Lauyan bai ko buɗe ambulan ɗin ba.

"Mi ka iya, yaro?"

"Ranka ya daɗe, ina son karatun lauya tun ina firamare."

"Ban tambaye ka abin da kake so ba. Ga kwamfuta can, ga takardar rantsuwa da na rubuta da hannu. Buga mini."

Shafi ɗaya ya ci masa kusan awa guda, da yatsa biyu, gumi na ɗiga a kan tebur. Lauyan ya karanta, ya zagaye kurakurai da jan biro, ya ce ya je ya koyi bugu ya dawo. Wata biyu ya yi a shagon buga takardu kafin ya koma, aka kuma ɗauke shi.

Saboda haka bugun kwamfuta ne farko, da sauri kuma ba kuskure, tare da sanin ɗaukar hoton takarda da aikawa ta imel. Sai Turanci mai tsabta, domin da shi manyan kotuna ke aiki. Amma akwai jarin da yaranmu ke da shi ba su san darajarsa ba. Bayanan zaman kotunan shari'a da Hausa ake rubuta su, kuma idan ƙara ta yi sama ana bukatar fassara. Yaron da ke rubuta Hausa daidai, wanda ya yi Risala a zaure, ya san tumuni da sudusi a lissafin gado, ya taɓa jin sunan Tuhfatul Hukkam a bakin malaminsa, ya fi ƙarfin a raina shi a ofishin da ke karɓar shari'ar gado da aure. Idan yana jin Fulatanci ko Zabarmanci, ya faɗa tun ranar farko. Tsohon da ya zo daga ruga ba zai bayyana damuwarsa da kyau ba sai da harshensa.

4. Babba ya gabatar da shi, amma shi zai yi magana. Ba a cika tallata irin wannan aiki ba, ta hannun sanayya yake zuwa: limamin unguwa, tsohon malamin makaranta, ma'aikacin kotu da ya yi ritaya. Babban ya kai shi sau ɗaya, ya ce, "Ga ɗanka nan na kawo maka," ya koma gefe. Takardar nema shafi ɗaya ta isa, kuma shi zai rubuta ta da kansa. Kada a je da safe, lauya yana kotu tun ƙarfe tara. Tsakanin azahar da la'asar ya fi. Manyan kotuna kan yi dogon hutu wajen Agusta zuwa Satumba, a kai takarda dab da dawowarsu, lokacin da aiki ke shirin yin yawa. Kada kuma a tsaya ga ofisoshi masu zaman kansu. Akwai Ma'aikatar Shari'a ta jiha, da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 don tsaya wa marasa hali, da reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya na Birnin Kebbi.

5. A yi maganar kuɗi a fili. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma galibin ofisoshin lauyoyi ƙanana ne. Wani zai ba da kuɗin mota kawai, wani ba zai ba da komai ba a watannin farko. Ba laifi idan an san da haka tun farko. Babban da ya kai yaron ya tambaya: kwana nawa a mako, wa zai biya kuɗin kabu-kabu idan an aike shi kotu, wata nawa za a yi kafin a sake zama. Gida kuma ya ɗauka cewa makaranta ya tura shi, kada a fara lissafin cefane da abin da zai samo.

6. Ƙaramin aikin shi ne karatun. Zai ɗauki jakar fayil, zai bi layi a wurin rajistara ya shigar da takardu, zai biya kuɗin kotu ya dawo da rasit, zai bi ma'aikacin kotu a kai sammaci, zai rubuta ranar da aka ɗage kowace shari'a a littafin ofis. Yaro mai girman kai zai ce ya zama masinja. To, a wannan littafin ranaku rayuwar ofishin take. Wanda zai ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda reshenta na Sakkwato ke sauraron ƙararrakin Kebbi, wata uku doka ta ba shi idan hukuncin ƙarshe ne a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 kacal idan hukunci ne na tsakiyar shari'a. Akawu ya rubuta rana ba daidai ba, sai an koma roƙon kotu ta ƙara lokaci, kuma tana iya ƙi. Gonar marayu na iya tafiya a kan kuskuren biro.

Ku ce masa duk fayil ɗin da aka ba shi ya kai, ya nemi izini ya karanta shi daga bango zuwa bango. Duk kuɗin da aka ba shi kuma, ya dawo da rasit da canji, ko naira hamsin ce. Da wannan lauya ke auna wanda zai bar wa mabuɗin ofis.

7. Sirrin ofis ba ya shiga gida, kuma wannan shawara taku ce iyaye kafin ta zama ta yaro. Garuruwanmu kowa ya san kowa. Yaro zai buɗe fayil ya tarar da sunan maƙwabci, ko surukin yayarsa, ko wani attajiri da ake ganin ba ya da bashi. Zai dawo gida da dare, a ajiye masa tuwo, Inna ta matso ta ce, "Ɗan nan, wai gaskiya ne matar wane ta kai shi kotu?" Ba da mugunta ta tambaya ba. Amma idan ya amsa, kafin azahar ta gobe zancen ya kai gidan biki, kafin mako ya kai kunnen wanda shari'ar ta shafa, kuma ba wuya a gano ta inda ya fita.

Doka ma ta san da wannan. Dokar Shaida ta 2011 ta hana lauya bayyana abin da wanda yake karewa ya gaya masa, ta kuma shimfiɗa hanin a kan akawunsa da tafintansa. Ɗan ƙanwar tawa ya yi wata bakwai a ofis, wata shari'ar gado ta dangin matar kawunsa ta ratsa ta hannunsa, bai ce uffan ba. Sai da aka yanke hukunci gidan suka ji a gari. Mahaifiyarsa ta yi fushi kwana biyu, ni kuwa ranar na tabbatar zai yi lauya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ku daina tambaya, ku hana baƙi tambaya. Idan shari'ar ta shafi danginku, ya gaya wa maigidansa nan take a ɗauke fayil ɗin daga hannunsa. Kada kuma ya ɗauki hoton wata takarda da wayarsa, balle ya sa a WhatsApp.

8. Kada ku kira shi Barista. Da an gan shi da farar riga da jaka, unguwa za ta laƙaba masa, daga nan sai a fara kawo masa takardar cinikin fili ya rubuta a ba shi na goro. Dokar Lauyoyi ta ƙasa ta mai da shi laifi wanda ba lauya ba ya nuna kansa a matsayin lauya, ko ya karɓi lada ya tsara takardar cinikin ƙasa ko gida. Haka nan kada ya zama ɗan kamasho mai tare mutane a harabar kotu ko ofishin 'yan sanda yana jawo wa maigida ciniki, domin ƙa'idojin aikin sun hana lauya wannan, sun hana shi raba kuɗin aikinsa da wanda ba lauya ba. Ranar da za a rantsar da shi, sai dattawa biyu daga majalisar da ke rantsar da lauyoyi sun sa hannu cewa mutumin kirki ne. Tabon da ya samu yana ɗan shekara 19 yana iya biyo shi har can.

9. 'Ya mace ma ta je. Macen da ta zo da maganar duka ko ciyarwa ko riƙon 'ya'ya ta fi sakin jiki idan ta tarar da 'yar'uwarta a ofis. Uba ko wa ya je ya ga wurin da idonsa, a yanka lokacin tashi kafin magariba, a fifita ofishin da ke da lauya mace. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, wuri ne mai kyau na fara tambaya.

10. Kada aikin ya cinye karatun. Akwai akawun da ya shekara ashirin a ofis, ya fi sabon lauya sanin hanyar kotu, amma ba zai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, domin takardar ce babu. Ku duba sakamakon yaro tun yau: fannin shari'a yana neman kiredit biyar, kuma rashin darasin adabin Turanci ya tsayar da yaranmu da yawa, musamman waɗanda makarantunsu ba su da malaminsa. Idan babu, ya sake zama jarrabawa a bana. Mai Larabci ya duba ɓangaren shari'ar Musulunci a Sakkwato, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya. Kafin a biya kuɗin kowace jami'a, a tabbatar Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da sashenta, in ba haka ba Makarantar Horas da Lauyoyi ba za ta karɓe shi ba, ko a Bwari ko a Bagauda. Wata biyu kafin JAMB, a nemar masa sassaucin aiki.

Idan gurbi ya fito, ya sanar da maigidansa da wuri, ya miƙa fayil-fayil da mabuɗi, ya roƙi takardar shaida a kan takardar ofis mai hatimi, wadda ta faɗi watannin da ya yi da ayyukan da ya riƙe. Ku je ku yi godiya da kanku, domin zai iya sake bukatar ofishin. Makarantar Horas da Lauyoyi tana tura ɗalibanta kotuna da ofisoshin lauyoyi su yi makonni na sanin makamar aiki, kuma duk hutun jami'a yana iya komawa teburinsa. Takardar kuma a sa ta a leda, a ajiye a akwatin da takardun gona suke.