Kamfani a Matsayin Mutum a Gaban Shari'a

A adabi, mutuntarwa salo ne na bai wa abin da ba mutum ba halayen mutum. Shari'a kuwa da gaske take yin ta. Tun hukuncin Salomon na 1897 a Ingila, har zuwa dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020, kamfani mai rajista mutum ne: yana mallakar gona, yana cin bashi, ana kai shi kotu.

A ɗauka manoman Kebbe sun bai wa wani kamfani a Tambuwal shinkafa bashi, sai ya karye. Dukiyar kamfanin kaɗai za su bi, ba rumbun mai shi ba. Wannan kariya tana ƙarfafa zuba jari, amma manomi ke kwana ciki. Shi ya sa kotu kan kama masu kamfanin da kansu idan ta gano zamba.