Darasi: Yaya Ake Zama Matuƙin Jirgin Sama?

Jama'a, idan jirgi ya gifta ta saman Kazaure ko Babura, yara kan ɗaga kai suna ihu. To, ɗan ƙauye zai iya tuƙa shi? Zai iya, amma sai da boko.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya. Tana ɗaukar maza da mata waɗanda suka gama sakandare, suka ci lissafi da kimiyya da Turanci. Turanci tilas ne, domin da shi matuƙi ke magana da ma'aikatan filin jirgi. Likita kuma zai duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa. Kuɗin karatun yana da yawa, gaskiya.

Ba a ba shi lasisin aiki sai ya kai shekara 18, ya yi awa 150 zuwa 200 yana tuƙi a sama. Daga nan kamfani zai ɗauke shi mataimaki. Kafin ya zama kyaftin na babban jirgin fasinja, sai ya tara awa 1,500.

Ga wata doka da ta shafe mu. Lokacin hunturu, idan hazo ya yi kauri har ba a hango hanyar sauka, matuƙi ba zai tashi ba. Fasinjoji sai su yi ta gunaguni, su ce ragwanci ne. Ba haka ba ne. In ya karya dokar, ana iya karɓe lasisinsa.