Cikin Zomo da Abincinsa: Dalilan Zawo da Kumburin Ciki a Kiwon Zomaye

Gabatarwa

Kiwon zomo yana daga cikin ƙananan kiwon da suka samu gindin zama a gidajen tsakiyar Jihar Katsina. A Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su, irin su Shema, ba wuya a tarar da yaro ko matar aure da 'yan zomaye a keji ko a wani ɗaki na bayan gida. Wasu don sha'awa suke kiwon, wasu don nama, wasu kuwa don samun na sabulu da littafin makaranta. Abin da ke jan hankalin jama'a shi ne saurin yaɗuwar dabbar, domin zomanya takan haihu bayan kimanin kwana 31 da ɗaukar ciki, kuma takan zuba 'ya'ya da yawa a haihuwa ɗaya.

Sai dai kukan masu kiwon kusan iri ɗaya ne. Za a yaye 'ya'ya lafiya lau, a wayi gari a ga ɗaya ya jiƙe da zawo, wani cikinsa ya kumbura, kafin mako ya zagayo rabin garken ya tafi. Akan ɗora laifin a kan iska ko annoba, alhali sau da yawa tushen matsalar yana cikin kwanon abinci. Wannan maƙala za ta bayyana yadda cikin zomo yake aiki, da yadda abinci ke gyara shi ko ɓata shi.

Yadda Cikin Zomo Yake Aiki

Zomon gida, wanda masana ke kira Oryctolagus cuniculus, asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal ne. Jinsinsa dabam yake da zomon dajin ƙasar Hausa da ake ba da labarin wayonsa a tatsuniya. A can asalinsa ya rayu ne a kan ciyawa da ganyaye da ɓawon itace, wato abinci mai yawan harza. Abin da ake nufi da harza shi ne zaruruwan nan masu tauri da ke cikin ciyawa da kara da harawa. Dukkan ƙirar jikin zomo, tun daga haƙori har dubura, ta dace da irin wannan abinci ne. Haƙoransa na gaba sukan ƙaru da kimanin milimita 2 a kowane mako, kuma taunar abu mai tauri ce ke rage musu tsawo. Yakan ci abinci kaɗan-kaɗan sau talatin ko fiye a yini. Bugu da ƙari, zomo ba ya iya amai, saboda haka duk abin da ya haɗiya, mai kyau ko marar kyau, sai ya bi hanji.

Saniya da tunkiya da akuya dabbobi ne masu tuƙa, waɗanda ke jiƙa ciyawa a babban tumbi tun kafin ta isa hanji. Zomo kuwa nasa wurin jiƙon a baya yake. A mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji akwai wata doguwar jaka a naɗe, mai ƙofa ɗaya, wadda za a iya kira jakar hanji. Ita kaɗai takan ɗauki kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin zomo. A cikinta akwai miliyoyin ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke narkar da abin da zomon ya kasa narkarwa, su mayar da shi sinadaran da ke ba jiki ƙarfi, su kuma samar da furotin da bitamin B da K.

Farkon babban hanji yana aiki ne kamar rariya. Idan abinci ya iso, gutsattsarin harza masu girma, waɗanda suka kai kimanin sulusin milimita, sai a tura su waje. Su ne busasshen kashin nan mulmulalle da ake sharewa a ƙarƙashin keji. Ƙananan gutsattsari da ruwa kuwa sai a mayar da su cikin jakar hanji don ƙwayoyin nan su yi aikinsu. Bayan wasu sa'o'i, galibi da dare ko da asuba, jakar takan fitar da abin da ta jiƙa a siffar wani kashi mai laushi da yauƙi, a manne da juna kamar ƙananan 'ya'yan inabi. Zomo yakan lanƙwasa ya karɓe shi daga dubura ya haɗiye ba tare da tauna ba, ta haka abincin ya sake bin ciki karo na biyu. Wani likitan dabbobi Bafaranshe mai suna Morot ne ya bayyana wannan ɗabi'a a shekarar 1882. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba alamar yunwa ba ce. Hanya ce da zomo ke samun wani muhimmin kaso na abincinsa.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa mai kiwon zomo garke biyu yake ciyarwa: zomayen da yake gani, da ƙwayoyin da ke cikin jakar hanjinsu waɗanda ba ya gani. Lafiyar na farko ta dogara ga zaman lafiyar na biyu.

Illar Gata: Dusa da Hatsi da Sauran Tuwo

Babban kuskuren da ake yi na ƙauna ne. Mai kiwo yakan ga zomo yana rububin dusa da tsakin masara da ƙanzo da gutsuren burodi, sai ya ɗauka wannan ne abinci na gari, ciyawa kuwa ta maneji ce. Hatsi yana da yawan sitaci da ƙarancin harza, kuma ɓarnarsa ta fuska biyu ce. Ta farko, harza mai tauri ita ce ke zaburar da hanji ya yi motsi. In ta yi ƙaranci sai abinci ya daɗe a wuri ɗaya. Ta biyu, sitacin da ƙaramin hanji bai gama narkarwa ba yakan zarce cikin jakar hanji, ya sauya yanayinta. Ƙwayoyi masu amfani su ragu, miyagu irin su Clostridium spiroforme da wasu nau'o'in Escherichia coli su samu filin yaɗuwa. Ta farkon tana fitar da dafi wanda ke ɓata bangon hanji, ya jawo zawo mai ruwa da mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

'Ya'yan da aka yaye su ne suka fi shiga haɗari, musamman tsakanin mako 4 zuwa 10 da haihuwa. Dalili kuwa, tumbin babban zomo yana da ruwa mai tsananin tsami da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka shigo da abinci, amma na ɗan da ke shan nono bai kai wannan tsami ba. Har ila yau, jikinsa bai gama ƙwarewa wajen narkar da sitaci ba, kuma ƙwayoyin jakar hanjinsa ba su gama kafuwa ba. Raba shi da uwa, a sauya masa keji, a kuma tura masa kwanon dusa duk a rana ɗaya, haɗa masa nauyi uku ne a lokacin da ya fi rauni.

Ire-iren Matsalolin da Alamominsu

Ya kamata a rarrabe abubuwa huɗu. Na farko shi ne kashi mai laushin nan da zomo ya ƙi ci, a gan shi a keji ko manne a gindinsa, alhali yana cin abinci yana kuma yin busasshen kashi kamar kullum. Wannan ba zawo ba ne. Alama ce ta cewa hatsi ya yi yawa ko ƙiba ta hana shi lanƙwasawa, kuma ƙara harawa yakan gyara shi.

Na biyu shi ne zawo na ainihi, mai ruwa ko majina, inda busasshen kashi ya ɓace, zomo ya lafe a lungu, gashinsa ya hargitse.

Na uku shi ne tsayawar hanji. Zomo yakan daina ci, kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, iska ta taru a ciki, ya dunƙule yana cizon haƙora saboda ciwo. Gashin da ya haɗiya wajen lasar jiki yakan cure a tumbi. A da ana zaton curin gashin ne sanadi, amma yanzu masana sun gane cewa rashin motsin hanji ne ke fara zuwa. Zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana buƙatar taimakon gaggawa.

Na huɗu shi ne cutar koksidiya, wadda wasu ƙananan halittu na dangin Eimeria ke haddasawa. Yawancinsu hanji suke kamawa, ɗaya kuwa, Eimeria stiedae, hanta take kamawa, shi ya sa akan ga farin ɗigo-ɗigo a hantar wasu zomaye bayan yanka. Ƙwayayen wannan cuta suna fita a kashi, amma ba sa iya kama wani zomo sai sun yi kwana ɗaya zuwa uku a waje cikin danshi da ɗumi. Wannan tazara ita ce makamin mai kiwo: sharar keji kowace rana tana yanke cutar kafin ta nuna. Zomayen da ake sakewa a daɓen ƙasa, suna cin ganyen da aka watsa a kan kashinsu, su suka fi kamuwa.

Abinci Bisa Yanayin Shekara

Kowane lokaci na shekara da irin tarkonsa. Da bazara, a watannin Maris zuwa Mayu, zafi yakan rage wa zomo cin abinci da zarar ya haura digiri 30, ga kuma ƙarancin ganye. Wasu masu kiwo sun yi imani cewa zomo ba ya shan ruwa. Wannan kuskure ne mai kisa, domin zomo yakan sha kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a yini, mai shayarwa kuwa fiye da haka nesa ba kusa ba. Rashin ruwa yana busar da abin da ke cikin hanji, ya tsayar da shi.

Da faɗuwar damina sai a samu akasin haka. Sabon tsiro yana da ruwa da yawa da ƙarancin harza, kuma zomon da ya yi watanni a kan busasshen abinci, in aka cika masa keji da shi a rana ɗaya, ƙwayoyin cikinsa ba za su iya da sauyin ba. Dabarar ita ce a shanya ciyawar a inuwa ta yi yaushi, raɓa ta bushe, a fara da 'yar kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin kwana 7 zuwa 10. Kada a tara ɗanyar ciyawa a buhu ta yi zafi, kada kuma a yanko ta a gefen gonar da aka fesa wa maganin ciyawa ko na ƙwari. Wannan gargaɗi ya shafi ganyen kabeji da latas da karas da ake samu daga lambunan noman rani, irin na kewayen madatsar ruwa ta Zobe.

Kaka ita ce lokacin tanadi. Harawar gyaɗa da ta wake da ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ke samarwa suna daga cikin mafi kyawun abincin zomo, domin sun haɗa harza da furotin. Kowar wake da busasshiyar kyasuwa da harkiya su ma suna da amfani. Sharaɗin shi ne su bushe sarai, a ajiye su inda ruwa ba ya taɓawa. Masara da gyaɗa da ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna suna iya ɗauke da dafin aflatoksin, wanda aka gano bayan ya hallaka dubban talotalo a Ingila a shekarar 1960, kuma zomo yana cikin dabbobin da ba sa jure shi. Haka nan a nisantar da shi daga tumfafiya da zurma da zaƙami da ɗanyen ɓawon rogo.

A taƙaice, harawa ko busasshiyar ciyawa ta kasance a gaban zomo dare da rana, a rataye ta yadda ba za ta taɓa kashi ba. Ganye irin na dankali da zogale ya biyo baya gwargwado. Dusa da hatsi su zama ƙari kawai, ɗan abin da zai cinye nan take, a ɗan ƙara wa mai ciki da mai shayarwa. Masana sun ba da shawarar kada harza ta gaza kimanin kashi 14 cikin 100 na abincin zomo mai tasowa.

Idan Ciwo Ya Riga Ya Shigo

A ware marar lafiya, a janye dusa da hatsi, a bar masa harawa da ruwa mai tsabta. In ya kasa sha, a ɗura masa ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan ta gefen baki da sirinji marar allura. Abin da ya wajaba a guje wa shi ne fasa kafso na mutane ko zuba maganin kaji a ruwansa. Magunguna irin su amfisilin da amoksisilin da linkomaisin, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyi masu amfani na jakar hanji, su bar wa miyagun fili, ta yadda maganin da kansa zai jawo zawon da zai kashe shi. Likitan dabbobi ne zai duba kashi a madubin ƙara girma ya tantance ko koksidiya ce, ya zaɓi maganin da ya dace. Masu neman ƙarin sani suna iya tuntuɓar malaman dabbobi na ƙaramar hukuma, ko Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a kiwon zomo rigakafin ba mai tsada ba ne: harawa, ruwa, tsintsiya da haƙuri wajen sauya abinci. Mai kiwon da ya saba duba ƙarƙashin keji kowace safiya zai san halin da garkensa yake ciki tun kafin ciwo ya bayyana. Kashi busasshe, manya-manya kuma da yawa, shaida ce ta cewa hanji yana aiki. Ranar da ya ƙanƙance ko ya ɗauke, ranar ce ta duba kwanon abinci.