Ruwan Ekzosom da Ƙananan Allurai: Ba a Kai Can Ba Tukuna

Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a ɗakin duba masu ciwon fata: wai gaskiya ne in an gurza wani ɗan gare mai ƙananan allurai a kai, aka shafa ruwan ekzosom, sanƙo zai tsiro, tabon fuska ya goge? Wata har da kwalbar ta zo, ta saya a Instagram, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa.

Binciken da ake kafa hujja da shi a kan wannan gaskiya ne. Fata na da wani siririn ɓawo a sama wanda ke tare yawancin magunguna. Tun 1998 masana a Georgia Tech ta Amurka suka nuna allurai da ba su kai milimita ɗaya ba suna huda ɓawon nan kusan ba zafi, kuma a 2024 aka fitar da sakamakon gwajin rigakafin ƙyanda ta filasta mai irin waɗannan allurai a Gambiya. Ekzosom kuwa mitsi-mitsin jakunkuna ne da ƙwayoyin jiki ke saki ɗauke da saƙo. A 2019 an cusa su cikin ƙananan allurai, aka manna wa ɓeraye, gashi ya tsiro. Ɓeraye fa! Hukumar FDA ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya daga kayan ekzosom a matsayin magani ba, ta ma yi gargaɗi a Disambar 2019 bayan wasu sun kwanta rashin lafiya a Nebraska.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu gurza fuska sannan su shafa man bilicin. Haba! Ɓawon da kika huda shi ne ke rage yawan sitiroyid da sinadarin makuri da ke shiga jininki. Kin buɗe musu ƙofa da hannunki. Baƙar fata kuma ba ta yafe rauni: tana mayar da martani da baƙin tabo, wani lokacin kumburarre wanda ba ya sauka. Ga kuma gare ɗaya da ake bin kwastomomi da shi a shagon kwalliya, hanyar ciwon hanta na B ke nan.

In gashi na zuba, a fara duba ƙarancin jini, makero da tsananin ɗaurin kitso. In har likitan fata ya ga ya dace a yi aikin allurai, shi zai yi, da sabuwar allura a gabanki, kuma kada ki shafa komai a wurin sai abin da ya rubuta.